Kafin A Ce A Yi Mata Fomatin: Tsohuwar Kwamfuta Tsakanin Ƙurar Auduga Da Wutar Janareta

A ƙarshen watan Maris, daidai lokacin da hunturu ya tattara nasa-ya-nasa, zafin bazara kuma ya fara kankama, wani ƙanena da ke riƙe da sakatarancin wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi ya yi mini sammako a gidana da ke Funtuwa, rungume da jakar kwamfutarsa tamkar mai ɗauke da jinjiri zuwa asibiti. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ce, "Yaya, abin nan fa ya dawo." Abin da ya dawo ɗin shi ne, kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda ya saya ta hannu shekara biyar da suka wuce, ta ɗauki ɗabi'ar mutuwa ba sallama. Yana tsakiyar aiki sai allo ya yi baƙi ƙirin. Wani lokaci ta sake tashi da kanta, wani lokaci kuma ta ƙi ko motsi sai an ba ta kamar rabin sa'a.

Mako uku kafin wannan rana ya kai ta wurin wani mai gyara. Mai gyaran bai ɓata lokaci ba, ya ce bairos ne, maganinsa kuma a yi mata fomatin, wato a share duk abin da ke cikinta a sake zuba babbar manhaja. Aka yi, aka biya. Sai da ya koma gida ya tarar cewa abin da ya fi komai muhimmanci bai shiga cikin bayanan da aka kwashe masa ba, wato jadawalin waɗanda suka karɓi taki da iri bashi a daminar bara, da adadin buhunan masara ko kuɗin auduga da kowa ya biya da kaka. Kwafin da ke cikin filashinsa na watan Nuwamba ne, alhali kuwa mafi yawan biyan a Disamba da Janairu aka yi shi. Ga rabon taki na ƙaratowa, ƙa'idar ƙungiya kuma ita ce wanda bai gama biyan na bara ba, ba ya shiga na bana. Wani dattijo ya rantse buhu biyar ya kawo, rasit ɗin da ke hannunsa na buhu uku ne, sakatare kuma ba shi da abin nunawa. An yi asarar bayanai, an taɓa mutunci, kwamfutar kuma ba ta daina mutuwa ba. Ba tsuntsu, ba tarko.

Na kawo wannan labari ne domin na san ba shi kaɗai ba ne. Tun daga 2012, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara rajistar manoma domin rabon taki ta wayar salula a zamanin ministan gona Akinwumi Adesina, sannan shirin bayar da bashin noma na Babban Bankin Nijeriya ya biyo baya a 2015, kwamfuta ta shiga harkar noma a kudancin Jihar Katsina ba tare da an yi mata biki ba. Dillalin taki a Funtuwa, da ɗan kasuwar hatsi a Ɗandume, da wakilin sayen auduga a Malumfashi, da malamin makaranta mai haɗa sakamakon jarrabawa a Ƙafur, da matashin da ke koya wa ɗalibai amsa tambayoyin JAMB a kan allo tun da hukumar ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, duk sun damƙa amanar mutane a cikin tsofaffin na'urori. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kare shi a nan, shi ne kwamfutar da ke mutuwa farat ɗaya a irin yankinmu, a mafi yawan lokuta gangar jikinta ce ke da ciwo, musamman ta fuskar zafi da wutar lantarki, kuma fomatin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi mata, amma mun mayar da shi na farko.

Yana da kyau a yi wa masu gyara adalci, domin wannan zargi da suke ɗora wa bairos yana da asali. A watan Agustan 2003 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Blaster ta mamaye duniya, a 2004 kuma wata mai suna Sasser ta biyo bayanta. Dukansu suna kama kwamfutocin da ke ɗauke da Windows XP da Windows 2000, sai mutum ya ga saƙo ya bayyana yana ƙirga daƙiƙa 60, daga nan kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Duk wanda ya zauna a shagunan intanet na Zariya ko Kano a wancan zamani ba zai manta ba. Da yawa daga cikin iyayen gidan masu gyaran yau a lokacin suka koyi sana'a, su kuma suka gadar wa yaransu cewa sake tashi alamar bairos ce. To amma a lura, waccan cuta tana yin sallama kafin ta kashe. Wadda ke ɗauke allo kamar an ɗauke wutar NEPA, ba gargaɗi ba saƙo, wata aba ce daban. Ban ce manhaja ba ta haddasa irin wannan ba. A ranar 19 ga Yuli, 2024 wani gyara mai kuskure da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika ya jefa na'urori kimanin miliyan 8.5 cikin mutuwa da tashi, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Turai. Sai dai ko a nan, shuɗin allo ne ya fara bayyana da rubutu a kai.

Saboda haka tambayar farko da mai kwamfuta zai yi wa kansa ita ce: yaya take mutuwa, kuma yaushe? Shin tana nuna shuɗin allo kafin ta sake tashi, ko kuwa ɗaukewa take yi kawai? Da safe tana yi, ko sai rana ta take? Sai an taɓa wayar caja, ko sai an ɗaga ta? A kan janareta kaɗai, ko ko'ina? Ƙanena da na matsa masa da waɗannan tambayoyi, sai ya tuna cewa bayan sallar asuba takan yi sa'a biyu lafiya lau, amma bayan azahar ko minti 20 ba ta kaiwa, kuma idan ya kunna ta nan take bayan ta mutu, mutuwa ta biyu ta fi ta farko sauri. Ya ƙara da cewa fankarta tana kuka kamar injin niƙa, amma in ya sa hannu a bakin ramin iska ba ya jin wata iskar kirki. Bairos bai san asuba ba, bai san azahar ba. Wannan zafi ne, kuma likita ko bai aza abin awo ba ya gane zazzaɓi.

Kafin a taɓa komai, akwai wajibi guda: a kwashe bayanai. A yi shi da sanyin safiya, lokacin da take jure aiki, a fara da abin da ba a iya sake samu, kuma mai kwamfuta ya yi da hannunsa, domin shi ya san inda ya ajiye abinsa. Idan ta ƙi tashi sam, wannan ba dalilin fomatin ba ne. A galibin tsofaffin kwamfutoci ana iya zare faifan ajiyar a sa shi a wani ɗan akwati mai wayar USB, a karanta shi a wata kwamfutar kamar filashi. Ko bayan an yi kuskuren fomatin ma, idan faifan irin na da ne mai juyawa, sau da yawa bayanan suna nan kwance, kuma manhajoji na kyauta irin su Recuva da PhotoRec suna iya tono su, da sharaɗin a daina amfani da kwamfutar nan take. Duk sabon abin da aka zuba yana iya hawa kan tsohon ya shafe shi. Mako ukun da ƙanena ya yi yana aiki da tasa su suka binne jadawalinsa.

Yanzu mu dawo kan zafi, domin a nan ne yankinmu ya bambanta da inda aka ƙera waɗannan na'urori. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, ɗan ƙaramin abu ne da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, amma yana fitar da zafi mai yawa. An aza masa wani bututun jan ƙarfe da ke jan zafin zuwa wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, fanka kuma tana hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Kwatankwacin lagireton mota ke nan. Idan zafin ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, ƙwaƙwalwar takan fara rage gudu da kanta, shi ya sa mutum zai ga kwamfuta ta yi nauyi kafin ta mutu. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta yanke wuta gaba ɗaya domin kada ta ƙone. Wato mutuwar da muke kuka da ita dabarar tsira ce da maƙera suka dasa mata, kuma wanda ke ta sake kunna ta da ƙarfin tsiya yana yi ne kamar direban da ya ga ruwan lagireto na tafasa ya ƙara taka totur.

Idan mai karatu ya duba takardar bayanin yawancin kwamfutocin cinya, zai ga an ƙayyade cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. To a watannin Maris da Afrilu, zafin rana a Funtuwa da Malumfashi yakan haura wannan, balle a shago mai rufin kwano ba silin, inda mutum kansa ke jiƙewa sharkaf. Tun kafin a kunna ta ma an riga an ƙetare iyakar da aka yanka mata.

Sannan ga ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso lallausar ƙura daga Sahara, wadda ba ƙofar da ke tare ta. Wannan kowa a Arewa ya san shi. Abin da ya keɓanta da mu shi ne, wannan lokaci ya zo daidai da kakar auduga da sussukar hatsi. Funtuwa da Malumfashi garuruwan gurzar auduga ne tun zamanin Turawa, kuma duk da cewa harkar ta ja baya ƙwarai, har yanzu duk wanda ya zauna kusa da wurin awo ko ɗurin buhu ya san yadda siraran zaruruwan auduga ke yawo a iska suna maƙalewa a hula da gashin ido. Ƙara da ƙaiƙayin dawa da dusar masara. Fankar kwamfuta tana zuƙar duk wannan. Ƙura ita kaɗai tana iya ratsawa ta fice, amma zaren auduga yakan tsaya a bakin waɗancan haƙoran mataji ya zama raga, ragar ta kama ƙura, a hankali a sami wani abu kamar guntun bargo ya toshe hanyar iska ruf. Da sanyin hunturu kwamfutar tana iya jurewa, shi ya sa ba a lura. Ranar da bazara ta shigo sai asiri ya tonu. Idan kuma aka bari har damina, laima ta daskarar da shi.

Mu ma muna taimakawa da namu. Ana aza kwamfuta a kan katifa, ko darduma, ko matashin kujera, alhali ramukan shaƙar iskarta a ƙasa suke. Ana rufe murfinta ba a kashe ba, a cusa ta a jaka a ɗaure a bayan babur, wani lokaci ta farka a cikin jakar ta dafa kanta. Na taɓa ganin wadda aka buɗe aka tarar kyankyasai sun yi gida a ciki, saboda ɗumi da ɓurɓushin ƙuli-ƙulin da ke zuba ta tsakanin maɓallai.

Gane wannan ba ya buƙatar kuɗi. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta, irin su Core Temp da HWMonitor, da ke nuna zafin ƙwaƙwalwar. Idan ba a aikin komai amma ana ganin digiri 75 ko 80, da an buɗe wani abu kuma ya haura 90, magana ta ƙare. Akwai kuma gwajin da na fi so, domin yana raba gardama tsakanin mai kwamfuta da mai gyara: da an kunna ta, a danna maɓallin shiga shafin BIOS, wanda a yawancin na'urori F2 ne ko F10 ko Esc, a bar ta a nan. A wannan shafi Windows bai ma tashi ba, balle wani bairos da ke cikinsa. Idan ta mutu a nan, to ko sau goma aka yi fomatin ba abin da zai sauya.

Maganin shi ne a buɗe ta a cire dattin, a kuma sabunta wani maiƙo mai launin toka da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da jan ƙarfen, wanda ke bushewa ya farfashe bayan shekaru. Hura iska daga waje kaɗai ba ya isa, hasali ma yakan tura bargon cikin fanka ya tsayar da ita. Kada kuma a kai ta wurin mai faci, kamar yadda na ga wasu na yi, domin iskar injinsa tana tafe da ruwa da mai, ƙarfinta kuma na iya lalata fankar. A cire caja da batir tukuna, a riƙe fankar da tsinke kada ta juya yayin hurawa. Da hunturu, lokacin da mutum ke jin tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota, ya kamata mai aikin ya fara taɓa wani ƙarfe kafin ya kai hannu cikin na'urar, domin wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe wani sashe nata. A ganina, duk kwamfutar da ke aiki a wannan yanki tana buƙatar irin wannan shara sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa, kafin zafi ya sauka.

Abu na biyu shi ne wuta. Kwamfutar cinya tana da wata fa'ida a kan ta tebur, wato batirinta ne ke tare mata duk wani ɗaukewa ko rawar wuta. To amma batirin irin wannan yakan fara gajiya bayan an cika shi an sauke sau 300 zuwa 500, zafi kuma na gaggauta tsufansa. Yawancin kwamfutocinmu sun iso mu ne bayan sun gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya a shekara, mafi yawansu daga tashoshin Turai, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki tun isowarsu. Daga kasuwannin Ikeja da Alaba kayan ke hawowa Kano da Kaduna, kafin su iso Funtuwa. Na'urar da ta yi wannan doguwar tafiya, batirinta sau da yawa suna kawai ya rage. Mai ita yana ganin alamar batir a allo yana zaton yana da kariya, alhali kai-tsaye daga bango take sha. Wuta na ƙiftawa, ita ma ta ƙifta.

Ƙiftawar kuwa ba ta da iyaka. Ba sai na tuna wa mai karatu watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. A irin wannan hali kowa janareta yake komawa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ake iya ciyarwa shi ne ɗan ƙaramin nan mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Irinsa ba shi da abin daidaita ƙarfin wuta. Da maƙwabci ya jona dutsen guga ko injin hoto, sai wuta ta faɗi, da ya cire kuma ta yi tsalle. Caja ta asali an yi ta ne ta karɓi wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka tana da haƙuri, amma cajar jabu, wadda za ka ji ta shafal a hannu kamar ba komai a ciki, ba ta da wannan juriya. Akwai kuma kuskuren sayen caja don kawai bakinta ya shiga. A ƙarƙashin kowace kwamfuta, ko a jikin cajarta ta asali, an rubuta abin da take buƙata, galibi bolt 19 zuwa 20, da wat 45 ko 65 ko 90. Idan aka ba mai buƙatar 90 cajar 45, za ta yi aiki muddin rubutu ake yi, amma da an ɗora mata nauyi, in babu batirin da zai cike giɓin, sai ta faɗi.

Gwajin nan ma mai sauƙi ne. A zare caja a ga ko za ta rayu a kan batir. Idan batirin mai fita ne, a cire shi a gwada ta a kan caja kaɗai, a wurin da wuta ke tsaye, kamar gidan da ke da sola da inbata. A ari caja ta asali irin tata a gwada. A ɗan motsa bakin cajar a hankali, in ta mutu to ramin ne ya saki, aikin walda ne ƙarami. Daga Windows 8 zuwa sama, idan aka rubuta umarnin powercfg /batteryreport, kwamfuta za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. Gargaɗi guda a nan: idan aka ga wurin shafa yatsa ya tasa, ko ƙasan kwamfutar ya kumbura, batirin ne ya kumbura. A daina caji, a cire shi, kada a huda shi, kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, domin yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa.

Idan zafi da wuta sun fita daga zargi, musamman in shuɗin allo na bayyana, sai a juya ga sauran. An saita Windows ne ya sake tashi da kansa idan ya ci karo da babbar matsala, shi ya sa saƙon ke wucewa kafin a karanta. Ana iya cire wannan saiti a sashen Startup and Recovery, sai allon ya tsaya a ɗauki hotonsa da waya. Windows yana kuma da kundin da yake rubuta duk abin da ya same shi, mai suna Event Viewer. Idan aka ga lamba 41 a ƙarƙashin Kernel-Power, ma'anarta kwamfuta ta mutu ba bisa tsari ba. Lamba 1074 kuwa tana nufin wata manhaja ce ko wani mutum ya ba da umarnin a sake tashi, har da sunan mai umarnin, kuma sau da yawa sabuntawar Windows ce. Ma'adanar wucin gadi, wato ram, takan saki daga mazauninta saboda jijjigar hanya, ko bakinta ya yi datti. A zare a goge a mayar, in guda biyu ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya, umarnin mdsched kuma yana auna lafiyarta. Shi kuwa tsohon faifan ajiya, wanda ke juyawa sau 5,400 a minti guda da wata allura tana shawagi a samansa, ba abin da ya tsana kamar gargada. Wanda ke jin ƙas-ƙas daga cikin kwamfutarsa ya kwashe kayansa a ranar, ya nemi faifan SSD marar juyawa, wanda shi ne gyara guda da ya fi sabunta tsohuwar na'ura. Sai bayan duk wannan ne fomatin ke da hujja.

Akwai inda gyara ke ƙarewa, kuma gaskiya ce a faɗa. Idan babban allon cikin na'urar, wanda masu gyara ke kira bod, shi ne ya tsage ko waldarsa ta saki, abin da aka saba yi shi ne a gasa shi da iska mai zafi. Yakan tashi, ya yi mako biyu ko wata biyu, ya koma. Wannan ciwo sananne ne a kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 2006 da 2008 masu ɗauke da wasu na'urorin hoto na Nvidia, har kamfanin ya ware kusan dala miliyan 200 a 2008 domin biyan gyara. Mai gyara na kirki zai gaya maka cewa gashin nan na kwashe bayanai ne kawai. Sai kuma batun shekaru: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ya karɓar yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018. Na san amsar da za a ba ni. Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, sakataren ƙungiyar ƙauye kuma ba shi da kuɗin sabuwa. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da matasanmu masu gyara za su koyi zuba Linux, wanda kyauta ne, yana tafiya da tsofaffin na'urori, kuma ya ishi mai rubutu da lissafi.

Laifin da nake gani a wurin masu gyara, ban da gaggawa, shi ne na tsarin biya. Fomatin aikin sa'a guda ne, ba a kwance ko noti ɗaya, kuɗinsa sananne ne. Kwance kwamfuta kuwa yana cin lokaci, akwai haɗarin karya wani abu, mu kuma masu kawowa ba ma son biyan kuɗin bincike, sai mu ce ai bai sa komai ba. Muddin ba mu yarda cewa gano ciwo shi ma aiki ne ba, za a ci gaba da ba mu maganin da ya fi sauƙin sayarwa. Namu laifin kuma ya fi girma. Mutum ne zai riƙe lissafin mutum ɗari a wuri guda, a na'urar da ta girmi ɗansa na fari, alhali aika kwafin jadawalin zuwa imel ɗinsa ko wayar shugaban ƙungiya bai fi aikin minti biyu ba.

A ranar dai muka kai kwamfutar ƙanena wurin wani matashi, na roƙe shi ya buɗe ta a gabanmu. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Baba, in dai fanka na juyawa ai ba ita ba ce." Na ce ya daure. Da ya ɗaga fankar, sai ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani dunƙule mai kaurin yatsa, fari-fari da ja-ja, audugar bara da ƙurar hunturu sun saƙu wuri guda, har da sawun haƙoran ƙarfen a jikinsa. Shi kansa dariya ya yi, ya kira abokan sana'arsa su gani. Ya goge busasshen maiƙon ya shafa sabo. Zafin da muka auna da farko yana haura digiri 90 ya sauko ƙasa da 60, muka bar ta tana aiki tun daga azahar har la'asar sakaliya ba ta ƙifta ba. Rahoton batir kuma ya nuna abin da ya rage masa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Jadawalin bai dawo ba. Sai da ƙanena ya bi gida-gida yana tattara rasit, ya kuma roƙi mai awon ƙungiya ya binciko tsohon littafinsa mai bangon kwali, wanda aka daina kulawa da shi tun zuwan kwamfuta. A shafin ranar wata Laraba ta watan Janairu aka ga sunan dattijon nan da buhu biyu a gabansa, da rubutun ajami. Ƙanena ya je har gida ya ba shi haƙuri. Ƙungiya ta yanke cewa kowace Juma'a za a tura kwafin jadawali zuwa wayoyin mutum uku, littafin mai awo kuma zai ci gaba. Batun sabon batir an ɗage shi zuwa taro na gaba, domin ma'aji ya ce sai an ga abin da ya rage bayan kuɗin motar taki.